Awon Hannun Baba Stoyna

Shafi na 23

Masu turo min saƙo cewa Ralitsa ta cika girman kai, na gani, na kuma karanta. Ban ce dole ku so ta ba. Ku dai biyo ta ofishin Farfesa tukuna.

*

"Ba zan sa hannu ba."

Farfesa Mincheva ba ta ɗago kai ba. Ta ƙara tura takardar gaban Ralitsa da yatsa ɗaya, ta ɗora biro a kai.

"Ba ra'ayinki na tambaya ba, abokiyar aiki. Na ce ki sa hannu a nan, ƙarƙashin sunanki."

Duk ɗalibin da ya shekara huɗu a sashen koyon kafa kasuwanci ya san idan ta kira mutum abokin aiki, to ranta ya soma ɓaci.

Tsveta, ƙawar Ralitsa da suke rubuta kundin kammala karatu tare, ta taka mata ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Ralitsa ta janye ƙafarta.

"Farfesa, ba wannan muka rubuta ba. Cewa muka yi matan ƙauyenmu za su dafa lutenitsa, miyar tattasai da tumatir da ake shafa wa burodi, a tsakar gida, a wutar itace, mu kuma mu kawo birni mu sayar. Ba mu ce kamfanin gwangwani zai liƙa fuskar kakata a kwalba ba."

"Na karanta abin da kuka rubuta. Sau uku ma." Farfesa ta cire tabarau. "Kakarki tana gasa tattasai a kan kwano a tsakar gida, kaji na zagaya ta. Wace hukuma ce a birnin Plovdiv za ta ba ki izinin sayar da abincin da aka dafa kaji na kallo?"

"Kajin sun fi injinsu tsafta."

"Ki je ki faɗa wa mai duba abinci haka."

"Turara tattasan za su yi, ba gasawa ba. Su zuba sitaci ya yi kauri, su ƙara sukari, su rubuta sunanta, Baba Stoyna, a jiki. Duk wanda ya shafa a burodi zai ce ashe haka hannun tsohuwar yake."

"Duk wanda ya shafa a burodi zai ce ya sayi kwalba mai araha, ya ci, ya manta. Ke kaɗai za ki tuna." Muryar Farfesa ta ɗan sauka. "Ralitsa, tun shekarar farko kin san dokar wannan sashe. Kundi ba ya cika sai da yarjejeniya ta gaske da wanda zai zuba jari. Na nema muku, na samu. Ranar Talata za a zauna kare kundi. Babu sa hannunki, babu yarjejeniya. Babu yarjejeniya, sai baɗi, da sabon kundi daga farko."

"Sai baɗin."

"Rali!" in ji Tsveta.

"Ban ba su sunanta ba, kuma ban ba su awonta ba," in ji Ralitsa.

A nan ne Farfesa ta dube ta sosai, irin kallon da likita ke yi wa wanda bai san girman ciwonsa ba.

"Awon kuma ai yana hannunsu."

Farfesa ta buɗe kundin da ke gabanta.

"Shafi na goma sha tara a kundinki. Tattasai kaza, tumatir kaza, gishiri kaza, har da mintocin da ake yi ana tuƙi. Ni na rubuta? Kin sa hannu tun bara cewa masu zuba jari za su ga duk abin da ke cikin kundi. Ko ba ki karanta ba?"

Ta karanta. Wannan shi ne abin da ya fi ci mata rai. Ta karanta, ta sa hannu tana murmushi, don a lokacin gani take babu ɗalibar da ta kai ta.

Bara ne aka koya musu cewa kowace sabuwar sana'a sai tana da wani abu nata da wasu ba za su iya kwaikwaya ba, kuma sai an rubuta shi, an auna shi, sannan ya zama dukiya. 'Yan aji suka yi ta kame-kame. Ita kuwa dariya ta yi, don tana da Baba Stoyna.

Sharaɗi ɗaya tsohuwar ta gindaya mata ranar da ta yarda ta koya mata.

"Da hannu za ki koya, kamar yadda na koya. Kada ki rubuta. Shekara talatin na ba kamfanin gwangwani ƙarfina, na san abin da suke yi da abin da aka rubuta."

Ralitsa ta ce to.

Washegari ta ɓoye ƙaramin sikelin kicin ƙarƙashin kwanon gishiri, ta rufa tsumma. Duk lokacin da Baba ta ɗebi gishiri da tafin hannu, sai ta leƙa ta ga abin da ya ragu, ta shiga bayan gida ta rubuta a waya. Haka ta yi wa mai, haka ta yi wa sukari. Ta samu maki mafi yawa a ajin. Farfesa ta karanta shafin a gaban kowa, aka tafa mata.

"To su riƙe awon," in ji Ralitsa. "Sunanta dai ba za su samu ba. Ita ma ba za ta taɓa yarda ba."

Farfesa ta juya takardar zuwa shafi na biyu.

"Mai sunan ta riga ki."

A ƙasan shafin, da shuɗin biro, ga rubutu nan mai karkata kamar wanda aka yi a kan gwiwa. Ralitsa ta san shi. Shi ne a kan murfin kowace kwalba da ta taɓa zuwa da ita ɗakin kwanan ɗalibai, tare da sunanta da shekarar da aka dafa.

Ta juya a hankali.

Tsveta na kallon takalminta.

Ralitsa ta miƙe, ta ɗauki jakarta, ta ajiye biron a gaban Farfesa.

"Na gode da shekara huɗu."

"Kina da nan da Talata."

"Amsar ba za ta sake ba."

*

A kan matakala Tsveta ta cim mata, ta riƙo hannun rigarta.

"Tsaya ki ji."

"Sake ni."

"Rali, don Allah."

"Yaushe kika je?"

"Laraba."

"Larabar da kika ce min haƙori ke damunki?"

"Da na faɗa miki, za ki bar ni?"

"Ni na kai ki gidan nan, Tsveta. A gadona kika kwana. Ta ba ki kwalba da sunanki a murfi, abin da ba ta yi wa surukarta ba sai da ta shekara biyar a gidan. Me kika ce mata?"

"Gaskiya na faɗa mata. Na ce idan ba ta sa hannu ba za a hana ki takardar shaida."

"Za a hana ni, ko za a hana ki?"

Tsveta ta saki rigar.

"To, mu biyu! Laifi ne? Ke idan kin faɗi, kina da ƙauye, kina da kaka, kina da rumbu cike da kwalabe. Ni uwata shekara tara tana wanke tsofaffin Italiya don in riƙe wannan takarda. Duk Lahadi sai ta tambaye ni saura wata nawa. In ce mata me? In ce ƙawata ta ce sitaci bai dace da mutuncin tattasai ba?"

"Kada ki mayar da shi wasa."

"Ke ce kika mayar da shi addini. Kuma ki daina yi min kallon ɓarauniya. Ni takarda na kai mata a fili, ta karanta, ta sa hannu. Wa ya ɓoye sikeli a ƙarƙashin tsumma?"

Maganar ta sauka inda aka nufa. Wasu ɗalibai biyu da ke hawowa suka rage tafiya.

"Ku wuce, ba wasan kwaikwayo ba ne," in ji Ralitsa. Suka wuce.

"Kin faɗa mata zancen sikelin?"

"Ban faɗa ba. Ita ce ta tambaye ni, ta ce to awon fa, a ina suka samu? Na yi shiru. Ta ce, na gane."

Ralitsa ta dafa ƙarfen matakala.

"Farfesa ta ce idan kin ƙi, zan iya kare rabina ni kaɗai," Tsveta ta ce a hankali. "Kamfanin ba zai tsaya ba, Rali. Da ke ko ba ke, za su ci gaba, sun riga sun yi tanadi. Gara a yi da ke."

"A yi ba ni."

"Taurin kanki zai cinye ki."

"Gara ya cinye ni da in cinye ta."

Ta sauka. Ba ta waiwaya ba, duk da ta ji Tsveta ta kira sunanta sau biyu.

*

Motar ƙauye ta ƙarfe ɗaya ta hau. Tun kafin ta sauka ƙamshin gasasshen tattasai ya shigo ta taga, don ƙarshen Satumba ne, kowane gida hayaƙi ke tashi. A layinsu al'adar ba ta sake ba: yau a dafa na wannan gida, gobe na wancan, mata su taru su yi wa juna, babu mai biyan wata. Yau ranar gidan Baba Stoyna ce.

Amma tsakar gidan shiru.

Babbar tukunyar na kan murhu tana tafasa, tana tofar da ja. Tsohuwar na tsaye ita kaɗai da doguwar muciya, ta naɗe hannunta da tsumma saboda fallatsi. Shekarunta saba'in da takwas.

"Baba."

"A'a. 'Yar birni. Yau ba karatu?"

"Ina matan layi?"

"Sun gasa, sun ɓare rabi, sun tafi ba jikoki abinci. Za su dawo."

"Lelya Penka fa? Ita ke karɓarki a tuƙi."

Lelya Penka ce maƙwabciyar da katanga kawai ta raba su. Shekara arba'in suna tuƙa tukunya ɗaya, suna faɗa a kan wace ce ta fi yawan gishiri.

"Penka ta tafi gyaran gashi."

"Gyaran gashi? A ranar tattasai?"

"Haka ta ce. Wataƙila ta samu miji, tun da ta gaji da binne na farko."

Ralitsa ta ajiye jaka, ta naɗe hannun riga, ta miƙa hannu ga muciyar.

"Kawo in karɓe ki."

"Bar min muciyata."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma da faɗan ne, da ya fi sauƙi.

"Baba, akwai abin da na zo in faɗa miki."

"Sikeli?"

Ralitsa ta ja da baya kaɗan.

"Tsveta ta ce..."

"Ba sai Tsveta ta ce ba. Tun bara na gan shi. Fari ne, gefensa ya ɗan fashe, kin rufa masa tsumman da nake goge wuƙa. Kin zaci idona ya mutu? Sau tara kika shiga bayan gida a yini ɗaya. Penka har ta ce in dafa miki ganyen mai tsayar da ciki."

"Me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Na ce bari in ga ko za ki faɗa min da bakinki. Kin zo bikin ƙarshen shekara, kin yi shiru. Kin zo bikin Ista, muka rina ƙwai tare, kin yi shiru. Shekara guda ina jira, Ralitse."

Ba ta kiranta haka sai tana ƙarama, idan ta yi ɓarna.

"Na so in ɗebi gishirin ƙarya ranar," tsohuwar ta ci gaba, tana jan muciya daga wannan gefe zuwa wancan. "In cika hannu fiye da kima, ki rubuta shirme, ki kai musu. Har na kai hannu. Sai na tuna tukunyar Penka ce a kan wuta. Ba zan ɓata wa mutane abincin sanyinsu don in koya miki hankali ba. Sai na ɗebi na gaskiya, ina kallonki kina leƙe."

Hawaye suka zubo wa Ralitsa. Ta share da bayan hannu da sauri, kamar wanda ya kama kansa da laifi.

"Na yi kuskure. Gani nake idan na rubuta ba zai ɓace ba. Gani nake ina ɗaukaka ki."

"Kin tambaye ni ko ina son ɗaukaka?"

"Ban tambaya ba."

"To."

Tukunyar ta yi fallatsi, ɗigo ɗaya ya sauka a kan tsumman hannunta.

"Amma ban sa hannu ba, Baba. Yau aka ba ni takardar, na ƙi. Idan babu nawa, naki bai da amfani. Ba za su sa sunanki a kwalba ba."

Muciyar ta tsaya.

"Kin ƙi?"

"Na ƙi."

"Takardar shaidar fa?"

"Sai baɗi. Idan an yarda."

"Ɗakin kwanan?"

"Ƙarshen wata zan ba da makulli."

Baba Stoyna ta ɗaga ido sama, ta ambaci sunan Ubangiji, ta sauke.

"Kin san da wane biro na sa hannu? Da wanda nake rubuta sunayenku a murfi. Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Na ce ba komai, sunan tsohuwa ne, kwana nawa ya rage mata, yarinya dai ta gama. Yanzu ki zo ki ce min na zubar da shi a banza?"

"Ba a banza ba."

"Ni na ba da sunana don ki gama karatu. Ke kin ba da karatu don sunana. To wa ya ci riba a cikinmu?"

Shekara huɗu Ralitsa tana koyon yadda ake amsa wa masu zuba jari tambaya cikin minti uku, ba a taɓa yi mata irin wannan ba.

"Gobe da safe ki hau motar farko," in ji tsohuwar. "Ki je ki sa hannu."

"Ba zan je ba."

"Ni nake faɗa miki."

"Na ji. Ba zan je ba. Sau ɗaya na saɓa miki a ɓoye, na cuce ki. Wannan karon a gabanki zan saɓa miki. Shekara talatin kika yi a cikin wannan tururin, har yau ba kya iya shan iskar sanyi sai kin yi tari. Ba zan bar su su rataye hotonki a ƙofar abin da ya ci miki ƙirji ba."

"Taurin kan kakanki."

"Naki ne."

Tsohuwar ta dube ta. Sannan ta mayar da ido kan tukunya, ta ja muciya ta tsakiya, ta buɗe hanya har gindin tukunyar ya bayyana. Leɓɓanta suka motsa. Sunayen 'ya'yanta huɗu take kira, ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya rasu yana jariri. Idan ta kai na huɗu hanyar ba ta rufe ba, lutenitsa ta nuna. Ta rufe a na uku.

Wannan kam ba ya cikin shafi na goma sha tara. Ralitsa ta daɗe tana zaton addu'a ce.

"Saura kaɗan," in ji Baba. Ta nuna wani babban baho da ƙafa. "Ga tattasai can bai gama ɓaruwa ba. Zauna."

Ɓare tattasai aikin masu koyo ne. Rabonta da shi tun tana shekara goma sha biyu. Ta zauna a kan ƙaramar kujera, ta jawo bahon, ta ɗauki na farko. Da zafinsa. Baƙar fatar ta manne mata a yatsu, ruwan ya gangaro mata har gwiwar hannu. Ta ɗauki na biyu.

"Baba, muciyar fa? Yaushe?"

"Ranar da na daina ganin tsumman nan idan na dube ki."

"Yaushe ke nan?"

"Ban sani ba. Ɓare."

Tana kan na goma sha wani abu ta ji ƙarar mota a layi. Ba irin motocin ƙauye ba ce. Fara ce, doguwa, da hoton jan tattasai a jikinta.

Ralitsa ta miƙe, hannayenta na ɗiga.

"Su ne. Bari in kore su."

"Zauna," in ji Baba, ba ta ko juyo ba. "Ba nan za su tsaya ba."

Motar ta wuce ƙofarsu a hankali. Ta tsaya a ta gaba.

Ƙofar Lelya Penka ta buɗe. Ga ta nan tsaye, gashi ya sha gyara, ta ɗaura sabon gyale mai furanni, ta sa rigar kicin fara fes wadda ba ta taɓa ganin hayaƙi ba. Wani mutum ya fito da na'urar ɗaukar hoto. Daga kujerar baya Tsveta ta sauko, rungume da takardu. Ta hango Ralitsa ta saman katanga, ta sunkuyar da kai.

"Awo suna da shi," in ji Baba Stoyna, tana ci gaba da tuƙi. "Tsohuwa kawai suke nema. Layin nan kuwa cike yake da tsofaffi."

Ralitsa ta koma ta zauna.

Ta riƙe sunan kakarta, wannan gaskiya ne, ba zai hau kwalbar kowa ba. Abin da ta biya shi ne shekara guda ta karatu, da ɗakinta, da ƙawar da ba ta da kamarta. Baba kuma ta rasa wadda suka yi shekara arba'in suna tuƙa tukunya ɗaya. Muciyar ma ba a ba ta ba.

Daga bayan katanga muryar Lelya Penka ta taso.

"Stoyna! Stoyna, kina ji na? Sun ce a ɗauki hoton a gaban tukunya mai tafasa, tawa kuwa babu wuta. Ko za ki bari mu shigo?"